Yadda na yi wata biyu ina kokawa da sitiyari kafin a gano abin da ke jan motata dama

Motar Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, shekara huɗu tana hannuna ba ta taɓa kwana a gareji ba, daga juyen mai sai 'yan abubuwan da ba a rasa ba. A Kano nake aiki, mahaifiyata tana Zariya, don haka duk bayan mako biyu sai na hau hanya. Abin ya faro ne cikin damunar bara, wani dare muna dawowa daga ta'aziyya a Gaya. Mun wuce Wudil kenan ana yayyafi, wata babbar mota ta dalle ni da fitila, na ɗan kauce gefe, sai ji na yi ƙafar gaba ta dama ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, gwaram! Maƙwabcina da ke zaune a gefena har sai da ya yi salati. Na tsaya na haska da fitilar waya, taya ba ta fashe ba, babu abin da ke zuba a ƙasa, muka yi hamdala muka ci gaba da tafiya. Ni a lissafina an rabu lafiya.

Bayan kamar mako guda na fara lura da cewa da zarar na sassauta riƙon sitiyari sai motar ta fara sulalewa dama a hankali, kamar jakin da ya hango gidan maigidansa. Da farko titi na ɗora wa laifi, kuma ba banza ba. Kwalta akan yi ta da ɗan tudu a tsakiya don ruwan sama ya gangara gefe, mu kuma tun 1972 hannun dama muke bi a Najeriya, saboda haka kusan kowace mota, komai lafiyarta, tana ɗan son gangarawa dama in aka sake ta. Amma wancan yakan ɗauki lokaci kafin ka ankara. Tawa kuwa kafin in ƙirga uku ta fara barin layinta. Na gwada a tituna daban-daban, na gwada a layin ciki na titi mai hannu biyu, duk labarin ɗaya ne. Tafiyar da na yi Zariya a wannan makon, da na isa sai na ji tsintsiyar hannuna ta hagu tana ciwo, saboda tun daga Kano nake danne sitiyarin ba hutu.

Wurin mai facin bakin layinmu na fara zuwa, kuma cikin duk abin da na yi a farkon nan shi kaɗai ne na yi daidai. Ya sa geji, tayar gaba ta hagu tana 42, ta dama tana 27, na baya duk 40. Wannan tazara ita kaɗai ta isa ta ja mota, domin tayar da iskarta ta yi ƙasa tana shimfiɗewa a kan kwalta ta yi nauyin juyawa, sai motar ta karkata wajenta. Ya ɗauko tiyo zai cika su duka zuwa 45, na ce ya dakata. Wani ɗan yayana ya taɓa nuna mini wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfen ƙofar direba, inda kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta yawan iskar da ta dace. Na buɗe ƙofa muka duba, 30 aka rubuta, gaba da baya. Ya dube ni kamar na zo da sabon addini, ya ce, "Alhaji, ai 45 muke sa wa irin wannan, in ba haka ba taya za ta kwanta." Na ce ya yi haƙuri ya sa 30 ɗin, in ta kwanta ni na jiyo. Na biya naira 800. Jan ya ragu sosai, har na ɗauka an gama. Kwana uku sai ya dawo. Da muka sake aunawa tayar dama ta sauka 24. Ya cire ta ya shafa ruwan omo a zagayen bakin rim, sai ga kumfa tana tasowa ta gefen ciki, wurin da ramin nan ya lotsa ƙarfen. Da yake rim ɗin na ƙarfe ne ba na alminiyam ba, guduma ta gyara shi, naira 3,000. A ranar na sayi geji nawa na kaina a kan naira 2,500, nake aunawa da safe kafin mota ta motsa, don in taya ta yi zafi lambar takan hau.

Iska ta tsaya cak, amma motar ba ta daina ja ba, sai dai ba kamar da ba. Duk wanda na yi wa maganar, daga ofis har majalisar bayan la'asar, amsa ɗaya ce: a je a yi alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi. Na tafi wata Asabar da safe wani wuri da aka yaba mini. Motoci bakwai na tarar a gabana, na zauna a benci kusan awa biyu ina kallon yara suna shiga rami suna fita. Da layi ya zo kaina babu wanda ya tambaye ni me ke damun motar, ni ma ban yi wani bayani ba, cewa kawai na yi tana ja dama. Babu wanda ya tuƙa ta, babu wanda ya girgiza taya ya ji ko akwai abin da ya saki. Yaro ya shiga ƙasa da sifana biyu, ya kwance notin tayirod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya murɗa nan ya murɗa can, ogan ya leƙa ya ce ya yi. Duka-duka minti goma sha biyar. Na biya naira 5,000, ba rasit ba takardar awo. Na hau titi da murnata, sitiyarin da ya ɗan karkace a da yanzu ya miƙe sambal, amma da na sake shi sai motar ta kama hanyarta ta dama kamar ba a taɓa ta ba.

Washegari na koma. Ogan ya ce ai dama ba a yi balansin ba, shi ya sa. Na sake bayar da naira 6,000 aka ɗora tayoyin huɗu a inji aka manna musu 'yan dalma. Wannan kuɗi har yau in na tuna sai na ji haushin kaina, domin daga baya na fahimci balansin maganin karkarwa ne, irin wadda sitiyari ke yi in mota ta ɗauki gudu, ba ruwansa da ja gefe ɗaya. Motata kuwa ba ta taɓa karkarwa ba. Ban ce mutumin ya cuce ni da gangan ba, abin da ke shagonsa ya sayar mini, ni ne na je neman maganin ciwon ciki wurin mai ɗorin ƙashi.

Daga nan sai wurin bakanikena na kullum, wanda ke mini juye. Mutumin kirki ne, a harkar inji ba ni da abin cewa a kansa, amma ƙafar mota ba fanninsa ba ne, kuma bakanike da wuya ya ce maka bai sani ba. Ya danna gaban motar da hannu biyu ya saki, ta yi sama ta dawo ta tsaya. Ya ce, "Yallaɓai, shokar dama ce ta mutu, sai an canja guda biyun." Ya yi mini lissafin naira 70,000. Allah ya taimake ni wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, na ce a bari sai an yi albashi. Talaucin wannan mako shi ya cece ni, domin shokar nan har yau ita ce a jikin motar, lafiyarta ƙalau. Da na natsu ma sai na ga ai motar da aka danna ta dawo ta tsaya ba ta ci gaba da lilo ba, kuma ba mai da ke tsatsafowa a jikin shokar, to ta ina ta mutu?

A cikin wannan jira ne na sake kama hanyar Zariya. Tun kafin Kura na ji motar ta yi nauyi, kamar ina jan wani abu a baya. Dama kwanakin nan na lura tana shan mai fiye da yadda na saba, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ba mai buƙatar a tuna masa ya kalli allurar mai. Wajen Ciromawa wata akuya ta gitta, na taka birki da ƙarfi, sai motar ta fizga hagu. Hagu fa, ba dama ba. Gabana ya faɗi. Kafin Kwanar Dangora wani ƙauri ya fara shigowa, irin na abin da ke ƙonewa. Na gangara gefen tasha na tsaya, na kai hannu kusa da rim ɗin gaba na hagu, ɗumi ne kawai. Na kai kusa da na dama, sai da na janye hannu ba shiri, zafi ke tashi kamar bakin murhu. Na buɗe but na ɗauko jarkar ruwa zan kwara, sai wani dattijo cikin direbobin haya da ke zaune a inuwa ya ɗaga murya, "Kai ɗan nan, kada ka zuba! Faifan zai lanƙwashe." Na ajiye jarkar na je na gaishe shi.

Wannan dattijo, wanda ko sunansa ban tambaya ba, shi ne mutum na farko da ya yi mini tambayoyi. Tun yaushe take ja? Kullum ne, ko sai ta yi tafiya mai nisa? In ka taka birki ina take nufa? Da na ce yanzun nan ta fizga hagu alhali kullum dama take ja, sai ya gyaɗa kai ya ce birkin dama ne ya kama. Ya bayyana mini cewa birkin da bai saki ba yana riƙe tayarsa ko ba ka taka ba, shi ya sa motar ke bin ɓangarensa, amma in tafiya ta yi nisa sai ya yi zafi har ya daina ci, to a lokacin in ka taka, na ɗaya ɓangaren ne kaɗai ke aiki, sai ta fizga can. Muka jira kamar rabin awa ƙafar ta huce, ya kira wani yaro bakanike daga cikin tashar. Aka ɗaga ƙafar hagu da jek aka juya tayar da hannu, ta yi ta zagaye. Aka ɗaga ta dama, sai da yaron ya sa hannu biyu, kuma yana saki ta tsaya. Gani ya kori ji. Yaron ya kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ya bubbuga ya ɗan sassauto shi yadda zan iya ƙarasawa, na ba shi naira 2,000. Dattijon ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce, "Ka dai tafi a hankali, kuma wannan ba gyara ba ne, lallaɓawa ce." Na ce, "Na gode Baba, Allah ya saka da alheri." Na isa Zariya bayan magariba, a hanya na tsaya sau biyu ina taɓa rim.

Ranar Litinin na nemi izini a wurin aiki na kai ta wurin wani mai gyaran birki a Kano. Kalifa yana zamewa ne a kan wasu 'yan sandunan ƙarfe guda biyu da ake kira fin, kowanne da 'yar robar da ke hana ruwa da ƙura shiga. Robar ɗaya ta yage, ruwan damuna ya shiga, tsatsa ta kama fin ɗin ƙam, sai da aka sa fulaya aka murɗo shi da ƙyar. Takalman birkin wannan ƙafa kuwa, ɗaya ya cinye har ya kusa taɓa ƙarfe, ɗayan da sauransa sosai. Wani abu da ya yi ya burge ni. Kafin ya kwance komai sai ya sa yaro ya tattaka birki har tayar ta kame, sannan ya sassauta ɗan notin da ake bilidin da shi, wato fitar da iska daga cikin man birki. Ya ce da tayar ta saki a wannan lokaci, to tiyon man birki ne ya toshe ta ciki, yana barin mai ya tafi amma ba ya barin sa ya koma. Da yake ba ta saki ba, laifin yana jikin kalifa. Ya goge fin ɗin da sanfefa, ya sa sababbin robobi, ya shafa giris na musamman na birki, ya ce giris ɗin gama-gari yana kumbura roba. Na so a canja takalman dama kawai don in rage kuɗi, ya ce a'a, takalmin birki hagu da dama tare ake canja su, in ba haka ba na sayi wani sabon jan da kuɗina. Takalma naira 14,000, robobi 3,500, man birki 3,000, kuɗin aiki 5,000. Awa uku na yi a wurin.

Motar ta yi sakayau, nauyin ya tafi, shan mai ya dawo daidai, birki yana ci a miƙe. Amma in na saki sitiyari, ga ta nan dai tana lallaɓawa dama, ƙasa da rabin na da. A nan ne na kusa haƙura. Matata ma cewa ta yi wai ko dai hannuna ne ya karkace. Sai mai gyaran birkin ya ba ni wata shawara mai arha: a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu, sannan in tuƙa. Ya ce akwai tayar da ke da lahani a cikin wayoyinta, ko daga kamfani ko daga bugun rami, ido ba ya gani amma tana jan mota. In bayan musanyar jan ya koma hagu ko ya ɓace, taya ce. In bai sauya ba, a wanke tayoyi daga zargi. Sai dai a duba gefen tayar tukuna, domin akwai masu zanen kibiya da ke nuna inda za su riƙa juyawa, irin waɗannan ba a sauya musu ɓangare haka kawai. Nawa ba su da kibiya. Mai faci ya musanya a kan naira 1,000, na hau titi, dama ta ci gaba da ja. Naira dubun nan ta hana ni sayen tayoyi biyu da ban tashi saye ba. A nan ne kuma aka koya mini karanta shekarun taya: a gefenta, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 kenan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana cewa taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, don haka mai sayen 'yar Beljiyam ya duba wannan lamba kafin ya duba kyan zane.

Saura ƙafa. Wannan karon na nemi wanda aikinsa kenan, mai gyaran ƙafar mota kaɗai, kuma na shirya bayanina tun daga gida: ramin Wudil, rim ɗin da ya lotsa, alaimen ɗin da aka yi, birkin da aka gyara, musanyar taya. Na ƙara da wani abu da na lura da shi a 'yan kwanakin, cewa in na taka totur ko na ɗaga ƙafa ba zato, gaban motar yakan ɗan yi wani rangaji, kuma a kan tudun rage gudu ina jin wani ƙwas daga dama. Mutumin ya karɓi makulli muka zagaya tare, shi ke tuƙi. Da muka dawo ya miƙar da sitiyari, ya tsuguna ya cusa yatsunsa tsakanin bayan tayar gaba da jikin mota. Hagu yatsu huɗu suka shiga, dama uku da ƙyar. Ya ce, "Malam, ƙafarka ta dama ta ja baya." Aka hau rami, ya kira ni in sauko in gani da idona. Ya girgiza tayar sama da ƙasa, gefe da gefe, boris lafiya, boljoyin lafiya, tayirod lafiya. Sai ya sa wani dogon ƙarfe ya ɓanɓari lowa'am, wannan faffaɗan ƙarfen da ke riƙe ƙafa daga ƙasa. Bushin ɗinsa na baya, robar da ke tsakiya, ya tsage gida biyu, ƙarfen yana ta wasa. Na tambaya ko za a iya canja bushin ɗin kawai, tunda ana matsa sabo a ciki kuma ya fi arha. Ya ce da robar ce kaɗai da an yi haka, amma ya nuna mini wani wuri a jikin ƙarfen da fenti ya ɓare ya tattare, alamar ya tanƙwaru lokacin da ya daki ramin. In aka sa sabon bushin a tanƙwararren ƙarfe, ƙafar ba za ta dawo mazauninta ba.

Aka kwance shi na ɗauka a buhu, muka tafi Ƙofar Ruwa da yaronsa a adaidaita sahu. Wanda bai saba shiga kasuwar kayan gyara ba, kada ya je hannu rabbana, kuma kada ya je shi kaɗai. Ka tafi da tsohon abin a hannunka, domin na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, kuma Corolla kala-kala ce, wata ƙirar Amurka wata ta Turai. An nuna mana sabo fil a kwali mai rahusa, an nuna mana ɗan Beljiyam da aka ciro daga jikin mota. Yaron ya zaɓi ɗan Beljiyam, amma sai da ya juya guda uku, yana sa sukudireba yana ɓanɓarar robar yana neman tsaga, yana ɗora shi a kan tsohon yana duba ko ramukan noti sun hau. Da aka haɗa su ne ma na ga tanƙwarar nawa ƙarara. Muka yi ciniki daga 40,000 aka tsaya a 32,000, da sharaɗin in bai hau ba za a dawo da shi, na sa mai shagon ya rubuta haka a bayan rasit. Kuɗin ɗaurawa naira 6,000. Na lura bai ƙarasa ɗaure manyan notocin ba sai da aka sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, ya ce in aka ɗaure tam ƙafa tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi ƙarko ba. Yatsu huɗu suka shiga a dama. Shi da kansa ya ce yanzu ne lokacin alaimen ya yi.

Na je wani wuri dabam mai kwamfuta, na ce tun kafin a fara ina son a buga mini takardar awo, ta kafin gyara da ta bayansa. Naira 8,000, jiran awa ɗaya da rabi saboda wuta ta ɗauke sai da aka tayar da janareto. Matashin da ke kan na'urar ya duba iskar taya tukuna, sannan ya maƙala wasu faranti a jikin kowane rim. A kan allon ne na fahimci abin da ake kira alaimen ba abu ɗaya ba ne, awo uku ne. Akwai to, wato ko gaban tayoyin biyu ya haɗe ciki ko ya buɗe waje. Akwai kamba, wato ko saman taya ya kwanta ciki ko waje in ka tsaya a gaban mota kana kallo. Akwai kasta, wato yadda ƙafar ta ɗan kishingiɗa baya kamar fok ɗin keke. Shi awon to in ya ɓaci yana cinye taya ya karkatar da sitiyari, amma masu jan mota su ne kamba da kasta, idan na hagu da na dama suka bambanta. Mota tana bin ɓangaren da saman tayarsa ya fi kwantawa waje, ko ɓangaren da kastansa ya fi ƙanƙanta, kuma ƙafar da ta ja baya irin tawa kastanta ne ya ragu. A irin motata ba wani noti da ake murɗawa a gyara kasta, in ya ɓaci wani ƙarfe ne ya tanƙwaru ko roba ta mutu. Wato masu alaimen na farko, da suka murɗa tayirod kawai, ko kwana suka yi suna murɗawa ba za su taɓa ciwon ba. A allon, kamba da kasta sun fito kore hagu da dama, awon to ne ya fito da launin ja, ya gyara shi ya daidaita sitiyari. Takardar tana cikin aljihun gaban mota tare da takardun mota.

Da na zauna na tattara, naira 91,800 na kashe cikin wata biyu, a farashin wancan lokaci, yanzu kam sai dai a tambaya. A ciki 11,000 na alaimen ɗin farko da balansin sun tafi a banza, ban da ranakun aiki biyu da Asabar uku. Kuma ashe ciwo uku ne suka haɗu a ƙafa ɗaya: rim mai yoyon iska, birkin da ya kama, da lowa'am da ya tanƙwaru. Shi ya sa duk gyaran da aka yi sai jan ya ragu amma ya ƙi tafiya, ni kuma ina ɗauka ba a yi komai ba.

Da yau abin zai sake samuna, alaimen ne zai zo ƙarshe ba farko ba, domin awo ne ake yi wa ƙafar da ke da lafiya, ba ya ɗinke roba ba ya miƙar da ƙarfe. Zan fara da iska, da lambar jikin ƙofa ba ta bakin mai faci ba, in sake aunawa bayan kwana biyu. Sai in yi tafiyar minti ashirin ba tare da yawan taka birki ba, in tsaya in kai hannu kusa da rim na hagu da na dama, kusa kawai ba taɓawa ba, wanda ya fi zafi shi ne abin zargi. Sai musanyar tayoyin gaba. Waɗannan ukun ba su kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba, kuma kowanne yana cire wani abu daga lissafi. In duk sun wuce, sai rami, a girgiza ƙafa ina tsaye ina kallo. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, a tuƙa a gani kafin a taɓa na gaba, domin in aka canja abu uku rana guda ba za ka taɓa sanin wanne ne mai laifin ba.

Ɗaya kuskuren kuwa nawa ne ba na kowa ba. "Tana ja dama" ba bayani ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bakanike ba ya cikin motar lokacin da take abinta. Ja na kullum, da ja sai an taka birki, da ja sai an taka totur, da ja da ke ƙaruwa in tafiya ta yi nisa, kowanne gidansa dabam. Ramin Wudil kansa ban ambata wa kowa ba sai mai gyaran ƙafa, saboda a raina tunda taya ba ta fashe ba ai ba abin da ya faru. Wanda kuma ya karɓi motarka bai tambaye ka komai ba, bai tuƙa ta ba, ya ce a sayo kaza, ka ce ya nuna maka inda abin ya lalace. In birki ne ke fizga ko ka ji ƙauri, wannan ba abin jiran albashi ba ne, ni ma ganganci na yi da na hau hanyar Zariya a haka.

Abin da jinkirin ya ci mini shi ne tayar da ta yi makonni a ƙafar dama. Gefenta ɗaya ya suɗe sumul, sauran jikin da zanensa. Na sayi sababbi biyu na sa a gaba bayan an yi albashi, mai sauran lafiyar cikin tsofaffin ta koma sifiya, suɗaɗɗiyar kuma na bar wa mai facin bakin layinmu, wanda har yanzu in na tsaya sai ya ce, "Alhaji, talatin ɗin dai?"